Firinta Tana Gabanka, Saƙonka Yana Jamus



Yau da shagon wani ƙanina zan fara. Yana da ɗan shagon buga takardu kusa da ƙofar wata makaranta a Kano: kwamfuta biyu, firinta ɗaya, da wata ƙaramar rauta da ke haɗa su ta Wi-Fi. Wata rana bayan azahar ya kira ni, hankalinsa a tashe. Ya ce, "Yaya, firintata ta mutu, ga ɗalibai sun yi layi." Na ce fitilarta tana ci? Ya ce tana ci. Na ce ka buga takardar gwaji daga jikinta mu gani. Ya buga, ta fito tas. Ashe kwamfutar ce ta ce ba ta ganin firintar, kuma wani mai gyara ya riga ya ce masa ya kawo ta a goge komai a sake zuba mata Windows. Sai na tambaye shi, daga jiya zuwa yau me ka ƙara a kwamfutar nan? Ya yi shiru, can ya ce, "VPN ne kawai, Yaya, saboda wani shafi da ya ƙi buɗewa." Na ce kashe shi. Ban ajiye waya ba sai da na ji ƙarar firinta tana jan takarda.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne shawarar mai gyaran nan. Aikin mutane na shekara uku yana cikin kwamfutar, takardun kammala karatu, katunan ɗaurin aure, wasiƙun neman aiki, da duk an goge su a kan abin da maɓalli ɗaya ya warware. Garin neman gira a rasa ido. Shi ya sa na ga ya kamata mu zauna mu fahimci abin da VPN yake yi wa na'urorin da ke cikin gidanmu da shagunanmu.

Da yawa daga cikinmu a Najeriya mun san VPN ne a watan Yuni na 2021, lokacin da gwamnatin Muhammadu Buhari ta dakatar da Twitter, dakatarwar da ta kai wata bakwai, har zuwa Janairun 2022. 'Yan'uwanmu na Chadi sun riga mu ɗanɗana wannan, don an toshe musu shafukan sada zumunta daga Maris na 2018 zuwa Yulin 2019. An buɗe Twitter, amma manhajojin suka zauna a wayoyi, wasu ma a kunne dare da rana. Ga kuma ma'aikatan bankuna da ƙungiyoyin agaji da kamfanoni waɗanda ofishinsu ke wajabta musu VPN kafin su shiga rumbun aikinsu daga gida. Duk waɗannan mutane, ko ba daɗe ko ba jima, za su ci karo da abin da ƙanina ya ci karo da shi. Wani firintarsa ce za ta ɓace. Wani kyamarar tsaron shagonsa ce za ta ƙi nunawa a waya alhali yana tsaye a ƙarƙashinta. Wani zai so tura bidiyo daga waya zuwa talabijin ya ga talabijin ɗin ba ya cikin jeri. Masu tura fina-finai da waƙoƙi a kasuwar waya ta Farm Centre sun san wannan tun tuni: idan Xender ya ƙi haɗa waya biyu, abu na farko da gwani ke dubawa shi ne ko akwai ɗan makullin VPN a saman allo.

To me ke faruwa?

Ku ɗauki rautarku kamar zauren gida. Duk wata na'ura da ta shiga Wi-Fi ɗinku, rauta tana ba ta lambar ɗaki. Ita rauta ta ɗauki 192.168.1.1, kwamfuta ta samu 192.168.1.5, firinta ta samu 192.168.1.20. Idan kwamfuta za ta yi magana da firinta, tsakar gida kawai za ta tsallaka, ba ruwanta da titi, ko data ba ta ci. Sai idan saƙon na waje ne, na Google ko na WhatsApp, sannan za ta miƙa wa zaure ya fitar da shi.

VPN kuwa rami ne da ake haƙawa daga cikin ɗakinka ya ɓulle a wata ƙasa, Jamus ko Holan ko Amurka. Duk saƙon da za ka aika ana nannaɗe shi a kulle, ya bi ramin, sai a can za a kwance shi a sake shi cikin duniya. Mai zaure yana ganin ƙunshi na wucewa, amma bai san abin da ke ciki ba, bai san inda za shi daga ƙarshe ba. Amfanin ke nan. Matsalar tana zuwa ne idan manhajar ta ce komai da komai sai ya bi rami. Saƙon da ka rubuta wa firintar da ke kan tebur a gabanka sai a nannaɗe shi a kai shi Frankfurt, a kwance, a duba adireshi, a ga 192.168.1.20. A can babu wanda ya san wannan ɗaki. Sai a yar da saƙon, kwamfutarka ta gaji da jira ta ce firinta ba ta nan.

Dalilin da ya sa ba a san lambar a can ba yana da tarihi, kuma shi ne tushen rabin rikicin. Tsohon tsarin adireshin intanet lambobi kusan biliyan 4.3 kawai yake iya bayarwa, kuma tun farkon shekarun 1990 masana suka hango ba za su isa ba. Sai a 1996 aka fitar da wata ƙa'ida da ake kira RFC 1918, ta keɓe rukunin lambobi uku ta ce waɗannan na cikin gida ne, kowa ya yi amfani da su a gidansa, amma ba sa tafiya a kan babban titi. Su ne lambobin da suka fara da 10, da waɗanda ke tsakanin 172.16 da 172.31, da waɗanda suka fara da 192.168. Wato lambar firintar ƙanina, a wannan lokacin da nake magana, akwai dubban gidaje a duniya da wata na'ura ke amsa ta. Kamar Tudun Wada ne. Akwai Tudun Wada a Kano, akwai a Zariya, akwai a Kaduna, akwai a Jos. In kana cikin Zariya ka ce wa mai adaidaita sahu Tudun Wada, ba zai tambaye ka ta wane gari ba. Amma je ka tashar mota a Legas ka ce a kai ka Tudun Wada, ka ga yadda za a dube ka.

Riƙe wannan misali, za mu dawo kansa.

Idan abin ya same ka, kada ka taɓa rauta tukuna, kada ka danna ɗan ramin nan na bayanta da tsinke, don yin haka yana share suna da kalmar sirri da duk saitin da aka yi mata, ka ƙara wa kanka aiki. Gwajin farko kyauta ne: kashe VPN ka sake gwadawa. In har yanzu firinta ba ta amsa ba, to VPN ba shi da laifi, ka nemi matsalar a wani wuri. Wataƙila wayarka tana kan datar layi ne, ba ta kan Wi-Fi. Wataƙila kana kan Wi-Fi na baƙi, wanda da gangan ake hana na'urorin da ke kansa ganin juna, kamar yadda ake yi a yawancin otal-otal. In iPhone ce, tun 2020 Apple ya sa dole kowace manhaja ta nemi izini kafin ta leƙa na'urorin cikin gida, kuma mutane da yawa sun danna a'a a ranar farko sun manta.

In kuwa da kashe VPN komai ya dawo daidai, to mun kama bakin zaren. Sai ka nemo lambar na'urar da ta ɓace. Firinta tana nuna tata a ɗan allonta ko a takardar saitin da take bugawa. A kwamfutar Windows, buɗe baƙin allon nan na umarni ka rubuta ipconfig, za ka ga lambarka da ta rauta. Sannan ka kunna VPN ka rubuta ping, ka bar tazara, ka sa lambar firinta. Ping sallama ce kawai: kana ƙofar ɗaki kana jiran a amsa. Abin da ya biyo bayan sallamar nan shi zai gaya maka wace irin matsala gare ka.

Mu ce an amsa. To hanya a buɗe take, suna ne ya ɓata. Na'urorin gida ba da lamba muka saba kiransu ba, da suna muke ganinsu, kuma sunan yana zuwa ne ta hanyar shela. Firinta da talabijin da Chromecast suna yin kira a tsakar gida lokaci-lokaci, kowa yana cewa ga ni, ga sunana, ga abin da na iya. Tsarin da Apple ya kira Bonjour haka yake aiki. Irin wannan shela ba ta wuce katangar gida, kuma manhajojin VPN da yawa suna toshe kunnen na'urarka daga jinta. Bayan haka, VPN yakan sauya maka wanda kake tambaya fassarar suna zuwa lamba, abin da ake kira DNS. Da rautarka kake tambaya, ita kuwa ta san kowa a gidan. Yanzu wani baƙo kake tambaya a Turai. Maganin wannan mai sauƙi ne: cire firintar daga kwamfuta ka sake ƙara ta da lambarta kai tsaye. Amma ka shiga saitin rauta ka ce ta riƙe wa firintar wannan lamba har abada, domin in ba haka ba, ranar da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, rauta na iya sake rabon ɗakuna, firinta ta koma 192.168.1.23, kai kana ta sallama a tsohuwar ƙofa. A ƙasar da wuta ke ɗaukewa sau biyar a yini, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mu ce kuma ba a amsa ba. Yawanci a nan manhajar ce da kanta ta gina katanga. Masu VPN na kirki suna sa wani makullin gaggawa, wanda aikinsa shi ne in ramin ya rufta ba zato, kada saƙo ko ɗaya ya sulale ta zaure a buɗe. Wasu suna tsaurara shi har ya hana magana da na'urorin gida ma. Shiga saitin manhajar ka nemi inda aka rubuta LAN, ko wata magana ta barin na'urorin gida su gan ka, ka kunna. A wayar Android akwai wani saiti na wayar kanta da ke hana duk wata zirga-zirgar da ba ta bi ta VPN ba, shi ma a duba shi. Masu amfani da WireGuard, manhajar da Jason Donenfeld ya rubuta wadda aka shigar cikin zuciyar Linux a 2020, su duba layin da ke lissafa adireshin da za su bi rami. In an rubuta 0.0.0.0/0, ma'anarsa komai, kuma a Windows wannan rubutu shi kaɗai yana kunna katangar. Wasu manhajojin suna ba ka damar raba hanya biyu, ka ce burauza ta bi rami, sauran su bi zaure. Ga mai shago irin ƙanina wannan ya fi komai dacewa.

Akwai wani tarko da ke rikita har masu gyara. Wani lokaci na'urar tana gidanka, amma ba a tsakar gidanku take ba. Masu Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a farkon 2023, rautarsu tana kan 192.168.1.1, shi kuwa farantin da ke kan rufi yana amsa 192.168.100.1. Lamba ta uku ta bambanta, don haka kwamfuta tana ɗaukarsa na waje ne, sai ta jefa saƙonsa cikin rami. Haka abin yake ga wanda ya jona rauta a kan rauta don Wi-Fi ya kai shagon baya, kyamarori suna kan ɗaya, shi yana kan ɗaya. Ba tare da VPN ba, zaure yana miƙa saƙon. Da VPN, saƙon ba ya ma isa zauren. A nan sai an ƙara wa kwamfuta layi ɗaya a jadawalin hanyoyinta, a ce mata wannan unguwa ta zaure ake bi. Umarnin route print yana nuna jadawalin, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: kwatancen da ya fi cika shi ake bi. Wanda ya ce maka gida na uku a layin masallaci ya fi wanda ya ce maka Kano kawai.

Yanzu mu koma Tudun Wada, don a nan ma'aikata masu aiki daga gida suke shan wahala. Ofishinku a Abuja ya tsara na'urorinsa a kan 192.168.1, gidanka a Katsina ma 192.168.1, domin haka rautoci da yawa suke fitowa daga kwali, ba wanda ya damu ya canza. Ka kunna VPN na ofis, yanzu kwamfutarka tana da Tudun Wada biyu a gabanta. Ka ce 192.168.1.20: firintarka ce, ko rumbun takardun ofis? Dole ta zaɓi ɗaya. In ta zaɓi ofis, gidanka ya ɓace. In ta zaɓi gida, VPN zai nuna kore, ya ce ya haɗu, amma babu abin da zai buɗe na aiki, ka wuni kana zargin kamfanin layi. Ofis ba zai sake lambobin na'urori ɗari saboda kai ba. Kai ne za ka sauya wa unguwarka suna. Shiga saitin rauta ka mayar da lambarta wani abu da ba kowa ke amfani da shi ba, misali 192.168.73.1. A lamba ta uku ka guji 0 da 1, ka guji 8 da na'urorin Huawei suka saba ɗauka, ka guji 43 da wayoyin Android suka daɗe suna amfani da ita wajen raba data. Bayan ka canza, kashe komai ka kunna. Sai dai ka tuna, na'urar da aka rubuta wa lamba da hannu, kamar akwatin kyamarorin tsaro, ba za ta bi sauran ba sai ka je ka gyara mata. A ganina duk mai saka wa mutane rauta ya kamata ya yi wannan canji tun ranar farko, minti biyu ne, kuma yana kashe matsalar tun kafin a haife ta.

Wata magana ga ma'aikata, kuma da gaske nake. In kwamfutar ofis ce, kuma ka nemi saitin nan ka ga an kulle shi, to da gangan aka kulle. A manhajoji irin na Cisco, mai kula da na'urorin ofis ne ke yanke hukuncin ko za ka ga na'urorin gidanka ko a'a. Dalilinsa mai ƙarfi ne. Kwamfutarka tana da ƙafa ɗaya a cikin rumbun banki ko asibiti, ɗaya a tsakar gidan da wayar ɗanka take, cike da manhajojin da ba a san asalinsu ba, ga kyamara mai arha da har yau kalmar sirrinta ita ce wadda ta zo da ita daga masana'anta. Kada ka kai wa yaron kasuwa ya fasa maka kullen. Ka kira mai kula da na'urorin ku yi magana, ko ka sayi igiyar USB ka jona firinta kai tsaye. Igiya ba ruwanta da rami.

Haka kuma maɓallin da na ce ku kunna ɗazu, na barin na'urorin gida su gan ku, a gida yake da kyau. A 2023 wasu masu bincike, cikinsu har da Mathy Vanhoef na jami'ar Leuven a Beljiyam, sun nuna wata dabara da suka sa wa suna TunnelCrack. Mugu zai kafa Wi-Fi na kyauta, ka shiga, sai rautarsa ta yi wa na'urarka ƙarya, ta ce adireshin wani shafi na waje ai ɗaki ne a cikin gidan nan. Na'urarka, da yake an ce mata saƙon gida ba ya bin rami, sai ta miƙa shi a fili. A 2024 kamfanin Leviathan Security ya bayyana wata makamanciyarta mai suna TunnelVision, wadda ke amfani da saƙon da rauta ke aikawa lokacin rabon lambobi don karkatar da hanya. Gaskiya ne shafukan da ke da nasu kulle, irin na bankuna, abin da ke cikinsu yana nan a rufe ko an yi haka, amma an ga inda ka je, kuma ɓoye wannan shi ne dalilin da ya sa da yawa suka kunna VPN tun farko. Don haka in za ka shiga Wi-Fi na filin jirgi ko otal ko gidan abinci, mayar da maɓallin ka rufe. Ba ka da firinta a can.

Manhajojin kyauta da suka cika wayoyinmu, yawancinsu maɓalli ɗaya gare su, kunna da kashewa, ba su da saitin gida ko raba hanya. Ga mai irin wannan ba ni da wata dabara sai ya kashe idan zai buga takarda ko zai tura fim. Ina kuma roƙonsa ya tambayi kansa me ya sa take kunne har yanzu, kuma hannun wa yake miƙa wa duk zirga-zirgarsa, tunda kula da na'urorin da ke ƙarshen ramin a Turai kuɗi yake ci, kuma wani ne yake biya.

Da yammacin ranar da ƙanina ya kira ni na biya shagonsa. Muka cire manhajar kyautar daga kwamfutar da ke buga takardu gaba ɗaya, muka bar VPN a ɗaya kwamfutar kawai, muka kunna mata saitin ganin na'urorin gida. Muka sauya lambar rauta, muka sa ta riƙe wa firinta ɗaki ɗaya. Sannan ya yanko farar takarda, ya rubuta 192.168.73.20 da baƙin biro, ya manna a gefen firintar da salatif, daidai inda yaron shagonsa zai gani ko ba ya nan.